Adafta, Waya Mai Kai Biyu, ko Sabon Fawa Fak: Wanne Ya Dace da Katin Girafik ɗinka?

Mai sayen katin girafik a Banex Plaza da ke Wuse 2, Abuja, sau da yawa sai ya isa gida ya buɗe kwamfuta sannan yake gano abin da ba a yi maganarsa a shago ba. Katin yana da baki a gefensa na sama da ke jiran wayar wuta, fawa fak ɗin da ke cikin kwamfutar kuma, wato akwatin da ke raba wa kayanta wuta, ko dai ba shi da irin wannan waya sam, ko yana da ɗaya alhali katin biyu yake nema. Daga nan hanya ke rabuwa. Wani ya koma Wuse 2 ya sayo 'yar adafta, wani ya soka kawuna biyu na waya ɗaya, wani ya rufe ido ya sayi sabon fawa fak, wani kuma ya mayar da katin ya karɓo ƙarami wanda ba ya buƙatar waya. A ranar farko duk kwamfutocin nan za su iya tashi lafiya, hoto ya fito tas. Bambancinsu ba ya bayyana sai mai haɗa bidiyon biki ya bar ta tana fitar da aiki na awa biyu, ko mai zanen gini ya ɗora mata Lumion da rana tsaka a watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke kan ganiyarsa.

Lissafin da ke raba gardamar gajere ne. Ramin da ake soka katin a jikin madabod, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, yana bayar da wuta har wat 75, iyakarsa ke nan. Duk abin da kati ke ci sama da haka ta waya zai bi. Kan waya mai fin 6, wato ƙananan ƙarafa shida da wuta ke bi, an ƙayyade masa wat 75, mai fin 8 wat 150. Yawancin wayoyin yanzu 6+2 ne, wato shida a haɗe da wasu biyu da ke reto a gefe, idan ka haɗa su sun zama takwas. To katin da ke da baki ɗaya mai fin 8 zai iya jan wat 225 gaba ɗaya, mai baki biyu kuma 375. RX 580, wanda ya cika kasuwar na-hannu bayan da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, yana cin wat 185. RTX 3060 yana cin 170, RTX 4060 115, RX 6600 132, RTX 3080 kuwa 320. Da ka san wat nawa katinka ke ci, ka cire 75, abin da ya rage shi ne nauyin da za ka ɗora wa waya.

Mu fara da adaftar SATA, domin ita ce ta fi araha kuma ita yaran shago suka fi saurin miƙowa. «Yallaɓai, ai wannan ita kowa ke sawa, ba matsala.» Gefenta ɗaya siririn baƙin kai ne irin wanda ake soka wa hadis, ɗaya gefen kuma fin 6 ko 8. Shi wannan kan na SATA an yi shi ne don ciyar da hadis da na'urar faifan DVD. Fin uku kacal ne a cikinsa ke ɗauke da bolt 12, kowanne amfiya 1.5, jimla amfiya 4.5, wato wat 54. Ka ɗora masa RX 580. Ko da ramin madabod ya bayar da duk 75 ɗinsa, saura wat 110 za su bi ta wurin da aka yi wa 54, ninki biyu ke nan. Katin bai san da wannan ba. Da ya ga kai mai fin 8 a bakinsa, ya ɗauka an ba shi izinin jan 150.

Na ga irinta da ta ƙone a teburin wani mai gyara. Gefen da ke shiga kati sabo fil, ko ƙwarzane babu. Gefen SATA ɗin ne ya kumbura ya karkace, robar ta yi ƙuraje daidai inda rawayar waya mai bolt 12 ke shiga, fin ɗin ciki sun koma launin ƙasa-ƙasa, ta kuma manne da kan fawa fak ɗin har sai da aka sa fulaya aka yanke. Warin ƙonanniyar leda bai bar ta ba. Abin da ya fi ba ni tsoro da wannan adafta shi ne ba ta kashe kwamfuta nan take. Tana ɗumi ne a hankali, ƙarfen ya saki, sakin ya ƙara zafi, kuma fawa fak ba zai yanke wuta ba domin a wurinsa wat 110 ba wani abu ba ne. Akwai mai kawunan SATA biyu, wadda a takarda ta kai 108. Amma idan ka soka su duka a jerin waya ɗaya, kamar yadda kusan kowa ke yi, rawayar waya guda ce dai ke ɗauke da komai. Ni a wurina wannan adafta ba ta cikin zaɓi ma, ko da na kwana biyu ne kafin albashi ya shigo.

Ta Molex, wato tsohon farin kan nan mai manyan fin huɗu, ta fi ta dama, don ƙarfenta ya fi kauri. Idan kawuna biyu ne aka haɗa zuwa fin 6, kowanne daga jerin waya daban, kuma katin ƙarami ne, za a iya lallaɓawa. Sai dai ka tambayi kanka dalilin da ya sa wanda ya ƙera fawa fak ɗin bai sa masa wayar kati ba tun farko. Galibi don ya san ƙarfin abin da ya ƙera ne. Adafta siffar baki kawai take sauyawa, kamar ka canja kan famfo alhali ruwan tankin yana nan yadda yake.

Wannan ya kawo mu ga kwamfutocin ofis, waɗanda su ne akasarin abin da ke hannun mutane a nan: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre, na-hannu daga Turai da Amurka. Fawa fak ɗinsu kan tsaya tsakanin wat 180 da 290, kuma ba su zuwa da wayar kati. Mai irin wannan kwamfuta hanya biyu ce a gabansa ta gaskiya.

Ta farko, ya sayi katin da ramin madabod kaɗai ke ciyar da shi. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna kan wat 75, RX 6400 wat 53, RTX 3050 mai 6GB, wanda ya fito a 2024, wat 70. Ka soka, ka ɗaura noti, ka mayar da wayar monita daga bayan madabod zuwa bayan katin, shi ke nan. A nan akwai tarko biyu da ya kamata ka duba da idonka kafin ka biya. RTX 3050 iri biyu ne, mai 8GB yana cin wat 130 kuma dole sai da waya. Sannan wasu kamfanonin sun sa wa nasu GTX 1650 baki mai fin 6 duk da sunan ɗaya ne. Ka juya katin ka dubi gefensa na sama, kada ka tsaya ga abin da ke jikin kwali. Idan kuma kwamfutarka siririya ce irin wadda ake kwantarwa ƙarƙashin monita, sai ka nemi kati gajere mai ɗan ƙaramin ƙarfen baya, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba.

Ta biyu, ya canja fawa fak ɗin ya sayi kati mai ƙarfi. A nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi sau biyu. Tsohuwar OptiPlex 7010 mai tsayi tana amfani da kai mai fin 24 irin na kowa, fawa fak na kasuwa zai shige ta. Amma daga 3020, 7020 da 9020, Dell ta koma wani kai nata mai fin 8, HP kuma a EliteDesk 800 na farko-farko mai fin 6 ta sa. Sabon fawa fak ba zai shiga madabod ɗin ba sai da wata adaftar daban, wani lokaci ma ba zai zauna a gurbinsa ba. Idan ka tara kuɗin fawa fak, da adafta, da katin, sannan ka tuna furosesar ta haura shekara goma, sai ka ga an ɗora wa tsohuwar kwamfuta abin da ba za ta iya cin moriyarsa ba. Gaskiya ne RX 580 mai 8GB ya fi GTX 1650 gudu a wasanni. Amma ga mai shagon gem da ke son yara su buga ƙwallo, ko mai gyaran hoto da bidiyon 1080p, ƙaramin katin da ba ya son waya ya fi kwanciyar hankali, ga ƙarancin zafi, ga sauƙi a kan batirin imbata. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin haka gara ya haɗa kwamfuta a kes na kasuwa daga tushe.

Idan ka yanke shawarar sayen fawa fak, babbar lambar da ke jikin kwali ita ce abu na ƙarshe da za ka yarda da shi. Ka juya shi ka karanta jadawalin da ke manne a gefensa, ka nemi layin +12V, domin kati da furosesa duk daga nan suke sha. Ka ninka amfiyar da ke ƙarƙashinsa sau 12. Idan an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, amma a ƙarƙashin +12V ka ga 18A, to wat 216 ne abin da katinka da furosesarka za su raba, sauran an cike shi ne da layukan bolt 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar yanzu ba ta damu da su sosai ba. Mai kyau na wat 550 za ka ga layinsa na 12 ya kai amfiya 45 ko kusa da haka. Ka ɗaga shi a hannu kuma. Wanda ka ji shi sakayau kamar gwangwanin da babu komai ciki, araha ba ta ado. Ka murza wayar kati ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta: 18AWG ita ce ta yau da kullum, 16AWG ta fi kauri, 20AWG ta yi siriri ga wannan aiki. Yawan lambar, sirantar wayar.

Kamfanonin kati suna faɗin girman da suke so: wat 550 ga RTX 3060 da 4060, 650 ga RTX 3070 da 4070, 750 ga RTX 3080, 850 ga RTX 4090. Lambobin sun fi abin da katin ke ci nesa ba kusa ba, saboda an haɗa da furosesa, an kuma bar sarari don fizgar wuta ta ƙiftawar ido da manyan katuna ke yi. Irin wannan fizgar ce ke sa kwamfuta ta mutu ɗif a tsakiyar wasa ta sake tashi da kanta. Tambarin 80 Plus kuwa, Bronze ne ko Gold, yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta a zafi ne kawai, ba shedar ingancin kayan ciki ba ne. Amma ga wanda ke Band A, rukunin da ya fi tsada a kuɗin wuta, inda kuɗin yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, yana da ɗan tasiri. Kwamfutar da ke buƙatar wat 400 za ta ja kusan 488 daga bango idan ingancin kashi 82 ne, 444 idan kashi 90 ne. A awa takwas kullum, bambancin ya ɗan haura yunit 10 a wata.

Wani abu ƙarami da ke halaka fawa fak na-hannu daga Amurka: ɗan jan makunni a baya mai rubutun 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Idan yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Na zamani ba su da wannan makunni.

Sai batun waya mai kai biyu, wadda aka fi yin musu a kanta. Fawa fak da yawa suna zuwa da waya ɗaya da ta ƙare da kai mai 6+2, sannan wani kan ya tsiro daga jikinsa kamar jela. Katinka yana da baki biyu, wayar tana da kai biyu, sai ka ga kamar don juna aka yi su. A ƙananan katuna haka ɗin ne. Amma duk kawunan biyu wayoyi uku ne masu bolt 12 ke ciyar da su tun daga fawa fak. RTX 3080 zai ja kusan wat 250 ta waya, wato amfiya 21, kowace waya ta ɗauki 7, kuma duk ta baki ɗaya za su fito a jikin fawa fak ɗin. Da wayoyi biyu daban, kowace 3.5 za ta ɗauka. Seasonic, mai ƙera fawa fak, ta ba da shawarar a yi amfani da wayoyi daban-daban ga duk katin da ya haura wat 225, kuma ina ganin wannan iyaka ce mai kyau ko da wane kamfani ne naka. Ƙasa da haka, idan fawa fak ɗin na kirki ne, ka soka jelar ka yi aikinka. Sama da haka, idan akwai waya ta biyu a kwali, fito da ita, kyauta ce. Ka ɗaure jelolin da suka rage gefe don kada su shiga fanka. Idan katin baki uku gare shi, wayoyin kuma biyu, ɗaya ta ɗauki baki guda, ɗayar ta ɗauki biyu. Abin da ba a yi shi ne barin baki ɗaya a buɗe, ko soka fin 6 a bakin 8 a bar biyun suna reto. Yawancin katuna ma ba za su tashi a haka ba.

Kada wannan ta rikice maka da wayar furosesa. Ita ma fin 8 ce, amma tana rabuwa 4+4, ta kati kuma 6+2. Wurin da wayar wuta take a ɗaya, nan ne wayar negatif take a ɗayar. Ka kalli ramukan da kyau za ka ga wasu murabba'i ne, wasu an yanke musu kusurwa, kuma jerin ya bambanta don kada su shiga gurbin juna. Robar mai araha takan ba da kai idan aka danna da ƙarfi, saboda haka duk kan da ya ƙi shiga cikin sauƙi a tsaya a karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Haka kuma fawa fak ɗin da ake cire wa wayoyi: gefen da ke shiga kati ɗaya ne a ko'ina, amma gefen da ke shiga fawa fak kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokaci ma kamfani ɗaya ya bambanta tsakanin samfuransa. Wannan ya shafi mai sayen na-hannu kai tsaye, domin sau da yawa fawa fak ɗin yana kan kanta, wayoyin kuma a cikin kwali ɗaya da na wasu. Wayar Corsair za ta iya shiga jikin EVGA daram, ta kuma aika bolt 12 inda bai kamata ba. Idan mai shago bai iya tabbatar maka wayoyin nasa ne na asali ba, ka sa a gwada kowane fin da mita a gabanka, ko ka nemi wanda wayoyinsa a manne suke.

Masu sabbin manyan katunan Nvidia nasu zaɓin daban ne. Tun 2022, tare da ƙa'idar ATX 3.0, aka fito da kai mai fin 16 da ake kira 12VHPWR, manya 12 da ƙanana 4, wanda ke ɗaukar har wat 600 ta waya ɗaya. Wat 600 amfiya 50 ke nan a kan fin shida, sama da 8 kowanne, alhali iyakar fin ɗin bai kai 10 ba. Tsohon mai fin 8 kuwa kusan rabin ƙarfinsa kawai ake amfani da shi. Wannan ƙarancin sarari ne ya sa da RTX 4090 ya fito a Oktoban 2022 aka fara ganin kawuna suna narkewa, Nvidia kuma ta danganta abin da rashin soka kan har ƙarshe. A 2023 aka gyara bakin aka sa masa suna 12V-2x6: an rage tsawon ƙananan fin ɗin da milimita 1.5, ta yadda idan kan bai shige sosai ba katin ba zai samu izinin jan cikakkiyar wuta ba.

A nan za ka zaɓa tsakanin adaftar da ta zo a kwalin katin, mai haɗa wayoyin fin 8 biyu, uku ko huɗu zuwa kai ɗaya, da sabon fawa fak na ATX 3.0 ko 3.1 mai tasa wayar kai tsaye. Wannan adaftar ba irin ta SATA ba ce. Idan fawa fak ɗinka mai kyau ne kuma ƙarfinsa ya kai, ka ba kowace ƙafarta waya daban, ba laifi, musamman a kati irin RTX 4070 Super ko 5070 da ba su wuce wat 250 ba. Aibinta kauri da taurin kai: takan tokare murfin kes, murfin ya tanƙwara ta daidai bakin katin, wanda shi ne abin da ake gudu. Ana so a bar kamar milimita 35 a miƙe kafin a lanƙwasa. Ga RTX 4090 ko 5090 mai wat 575, ni sabon fawa fak zan saya, don wanda ya iya kuɗin katin bai kamata ya tsaya ciniki a nan ba. Adaftoci masu kusurwa na wasu kamfanoni kuwa a bar su, CableMod da kanta ta janye nata daga kasuwa a farkon 2024. Wanda ba ya son wannan fargaba kwata-kwata, akasarin katunan AMD irin RX 7800 XT har yanzu fin 8 biyu suke amfani da su, haka ma RTX 4070 na kamfanoni da dama fin 8 ɗaya ne.

Duk wannan a cikin kes ne, amma wutar da ke shigowa daga bango ma tana da hannu a zaɓin. Ka duba abin da aka rubuta wajen shigar wuta: wanda ke karɓar 100 zuwa 240 ya fi jure lokacin da wutar unguwa ta yi ƙasa da yamma fiye da wanda aka rubuta masa 200 zuwa 240. Ƙaramin UPS na 650VA da ya riƙe kwamfutar ofis lafiya, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, don haka da ka sa babban kati zai fara kuka ya mutu da zarar an ɗauke wuta. Wasu fawa fak na zamani kuma ba sa shiri da imbata ko UPS mai arahar da wutarsa ba ta fita sumul, sai ka ji suna zuwwa ko su yanke lokacin sauyawa. Idan kwamfutar ce hanyar abincinka, ka sa kuɗin UPS ɗin cikin lissafi tun kafin ka zaɓi kati.

Ranar haɗawa, ka zare wayar bango, ka danna makunnin gaba sau biyu don ragowar wuta ta fita, ka soka kan har sai ka ji ƙugiyarsa ta ce ƙyas. A mai fin 16 ka haska fitilar waya ka tabbatar babu rata ko ta kaurin farce tsakanin kan da bakin katin. Ka ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi na rabin awa, ka kashe, ka taɓa kan wayar: ɗumi-ɗumi ba komai, amma idan ya hana ka riƙewa akwai gyara. Ka sake duba shi duk lokacin da ka buɗe kes don kaɗe ƙurar hunturu, da kuma duk sanda kwamfutar ta hau mota, ko daga Banex ne zuwa Kubwa.